RUWANDA 1994: WAƊANDA SUKA TSIRA, TA HANNUN WA SUKA TSIRA?

Yau 7 ga Afrilu, ranar da Ruwanda ke fara zaman makokin da take yi duk shekara, wanda suke kira Kwibuka, wato tunawa. Tun safe nake ganin abokai suna ɗora hotunan ƙoƙunan kai da alƙaluman mamata. Ni kuma ɗaya ɓangaren nake so mu duba, ɓangaren waɗanda suka rayu. Ta yaya za a kwana ɗari ana farautar mutum a unguwar da aka haife shi, inda kowa ya san fuskarsa da ta ubansa, kuma ya fita da ransa? Rubutun na da ɗan tsawo, a yi haƙuri a biyo ni.

Ga wanda bai san tushen abin ba: Hutu da Tutsi yarensu ɗaya, Kinyarwanda. Kan tuddai ɗaya suke zaune, suna auratayya, coci ɗaya suke shiga, kasuwa ɗaya suke ci. Turawan Beljiyam ne a farkon shekarun 1930 suka fito da katin shaida mai ɗauke da ƙabila, suka fifita Tutsi 'yan tsiraru a makaranta da sarauta, daga baya kuma da guguwar neman 'yanci ta taso suka juya bayan Hutu masu rinjaye. Daga 1959 aka fara ƙona gidajen Tutsi, dubbai suka gudu Yuganda da Burundi da Kwango. 'Ya'yan waɗannan 'yan gudun hijira ne suka dawo da bindiga a Oktoban 1990 da sunan RPF. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Arusha cikin Agustan 1993, amma masu tsattsauran ra'ayi a fadar gwamnati ba su so ba. Daren 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin Shugaba Juvenal Habyarimana yana shirin sauka a Kigali, tare da shugaban Burundi a ciki. Kafin gari ya waye an kafa shingaye a tituna.

Daga ranar zuwa tsakiyar Yuli, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta an kashe mutum wajen 800,000, gwamnatin Ruwanda ta ce sun haura miliyan ɗaya. Akasarinsu Tutsi ne, sai Hutun da suka ƙi yarda da kisan. In ka raba, kusan mutum 8,000 ke nan kowace rana, kuma yawanci da adda da kulki.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da kayan aikinmu na yau da kullum aka yi wannan aika-aika. Rajistar mazauna unguwa, katin shaida, motar ofis, taron da shugaban ƙaramar hukuma ke kira. Har kisan kansa "aiki" suke ce masa. Gidan rediyon RTLM yana karanto sunayen mutane da lambobin motocinsu da inda suka ɓuya, yana kiransu kyankyasai, a tsakanin waƙoƙi da barkwanci. Amma rediyo ba ya nuna ƙofa da yatsa. Wanda ya nuna ƙofar shi ne maƙwabci, abokin karatu, wani lokaci suruki. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa kisan ya yi wannan sauri.

To ga inda maganata take. Wannan kusancin da aka mayar makami, shi ne kuma kusan kaɗai ƙofar tsira da ta rage. Ka bi labaran waɗanda suka rayu, da wuya ka sami wanda babu wani mutum a cikin labarinsa: wadda ta buɗe masa ƙofa, wanda ya riƙa ajiye masa dankali a bakin gona, wanda ya rantse wa maharan cewa ai tuni ya mutu.

Ku ɗauki Immaculee Ilibagiza. Ɗalibar jami'a ce mai shekara 22, ta zo hutun Ista ƙauyensu a yankin Kibuye, sai abin ya ɓarke. Mahaifinta ya tura ta gidan wani fasto Bahutu da suka san juna. Faston ya saka ta a banɗakin da ke cikin ɗakin kwanansa, wuri mai faɗin ƙafa uku da tsawon ƙafa huɗu. Su takwas suka zama a ciki, har da yarinya 'yar shekara bakwai. Kwana 91. Ba magana sai da hannu da ido. Ba sa kora ruwan masai sai sun ji an kora na ɗaya banɗakin gidan, don kada ƙarar ta tona su. Manya na ɗora ƙanana a cinya, ana karɓa-karɓa wajen miƙe ƙafa. Abinci sai abin da faston ya iya sato musu cikin dare daga ragowar gidansa. Ita ce ta roƙe shi ya tura durowar kaya ya rufe ƙofar banɗakin, kuma maharan sun shigo gidan ba sau ɗaya ba, tana jin muryoyin mutanen da ta sani suna kiran sunanta. Ku lura da abu ɗaya: a wannan ɗaki, tari ɗaya ko kukan yarinya ɗaya ya isa ya kashe su duka. Kowacce ta riƙe ran sauran bakwai a hannunta wata uku cur, kuma babu wadda ta saki. Da ta fito ta tarar an kashe iyayenta da 'yan'uwanta maza biyu. Ɗaya ne ya rage, shi ma don yana karatu a Senegal.

Sai tsohuwa Zura Karuhimbi ta ƙauyen Musamo a yankin Ruhango. Bazawara ce mai shekara wajen saba'in, ba boko, ba kuɗi, gidanta ɗaki biyu. Ta tara mutum sama da ɗari, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a rufin ɗaki, wasu a ramin da ta haƙa a gona. Makaminta shi ne sunan da garin ya daɗe da laƙaba mata. Daga gidan masu maganin gargajiya ta fito, mutane na tsoron wai tana da iskoki. Sai ta rungumi sunan. In 'yan Interahamwe suka zo, wato matasan jam'iyya mai mulki da aka horar don kisan, sai ta fito tana kaɗa awarwaronta tana cewa duk wanda ya taka mata gida ya haƙa kabarinsa da hannunsa. Tana shafa wani ganye mai ƙaiƙayi a hannu, irin ƙarara ɗin nan, in ta taɓa mutum jikinsa ya ɗauki susa, shi ke nan sai ya tabbatar tsinuwa ta kama shi. Ƙarti masu adda suka riƙa ja da baya a gaban tsohuwa. Daga baya ta ce ita ba mayya ba ce, dabara ce kawai. An ba ta lambar yabo ta ƙasa a 2006, ta rasu a Disambar 2018 a wannan gida nata. Abin da ya ba ta nasara shi ne ta san yaran nan tun suna goye, ta san abin da suke tsoro.

A Kigali kuwa, a unguwar Nyamirambo, akwai gidan marayun Gisimba. Mai kula da shi, Damas Gisimba, katinsa na cewa Hutu, da ya so da ya kame hannunsa ya zauna lafiya. Mutane suka riƙa kwararowa cikin dare har suka kai wajen 400. Yara ya barsu a fili a matsayin marayu, manya ya ɓoye su a saman silin da ƙananan ɗakuna. Kullum yana bakin ƙofa yana lallashin mahara, yau da magana, gobe da ɗan abinci ko kuɗi. Amma mutum 400 ba sa rayuwa babu ruwa. Nan Carl Wilkens ya shigo, ma'aikacin agaji na cocin Adventist, Ba'amurke ɗaya tilo da ya ƙi barin Kigali lokacin da ƙasashen waje suka kwashe mutanensu. Ya tura matarsa da 'ya'yansa uku, shi ya tsaya, kuma babban dalilinsa shi ne ma'aikatan gidansa biyu Tutsi ne, ya san abin da zai same su in ya tafi. Shi ya riƙa ratsa shingaye yana kawo ruwa. Ranar da ya tarar an kewaye gidan marayun ana shirin gamawa da su, sai ya yi abin da hankali ba zai ɗauka ba: ya tari Firaminista Jean Kambanda, ɗaya daga cikin jagororin kisan, ya roƙe shi. Aka kwashe mutanen zuwa wani babban coci a tsakiyar gari, suka rayu. Kambandan nan shi ne ya amsa laifin kisan ƙare dangi a kotun Arusha a 1998 aka yi masa ɗaurin rai da rai. Gisimba ba shi da ruwa, Wilkens ba shi da wurin ɓoye mutane, sai da suka haɗu abin ya yiwu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duniya fa a lokacin? Ranar 21 ga Afrilu, ana tsaka da yanka, Kwamitin Sulhu ya zaftare dakarun kiyaye zaman lafiya daga wajen 2,500 zuwa 270. Najeriya na da kujera a kwamitin a shekarar, kuma jakadanmu Farfesa Ibrahim Gambari na cikin 'yan tsirarun da suka dage a ƙara sojoji maimakon a janye. Sojojin Ghana ƙarƙashin Henry Kwami Anyidoho suka tsaya, su ne ƙashin bayan ɗan abin da ya rage wa Janar Romeo Dallaire, suna gadin dubban mutane a wurare irin filin wasa na Amahoro.

Cikin waɗanda suka tsaya akwai Kyaftin Mbaye Diagne, ɗan Senegal. Ɗan sa ido ne, ko bindiga ba ya ɗauka, kuma dokar aikinsa ba ta ba shi izinin ceton kowa ba. Ranar 7 ga Afrilu da aka kashe Firaminista Agathe Uwilingiyimana, shi ya kwashe 'ya'yanta biyar daga inda aka ɓoye su, ya lulluɓe su a bayan mota ya kai su otal ɗin Mille Collines. Daga nan ya mayar da abin sana'a. Mutum uku, huɗu, biyar a kowace tafiya, ta cikin shingaye masu yawa na matasa da suka sha suka bugu. Da me yake wucewa? Da raha, da taba sigari, da ɗan kuɗi, da kuma sabo, don ya bi shingayen nan har sun san shi ya san su. Wakilin BBC Mark Doyle ya ba da labarin ranar da aka tare su ana zargin shi ɗan Beljiyam ne, wanda a lokacin hukuncin kisa ke nan. Mbaye ya kalle su ya ce ai shi ne ɗan Beljiyam ɗin, baƙin ɗan Beljiyam. Suka fashe da dariya, ya ja mota. Ɗaruruwan mutane suka fita ta wannan hanya. Ranar 31 ga Mayu harsashin igwa ya faɗo kusa da motarsa a wani shinge, ɓaraguzai suka same shi a kai, saura kwana 12 ya koma gida. Ko jakar saka gawa rundunar ba ta da ita, da shuɗiyar tamfol aka naɗe shi. A 2014 Kwamitin Sulhun da ya janye sojojin ya ƙirƙiro lambar yabo ta jarumta da sunansa. Allah Ya jiƙan maza.

Akwai kuma inda babu mai ceto daga waje, mutane suka zama garkuwar junansu. A tuddan Bisesero, yammacin ƙasar, Tutsi wajen 50,000 suka taru. Makiyaya ne da suka saba kare shanunsu tun 1959. Suka naɗa wani dattijo Aminadabu Birara ya jagorance su. Mata da yara na tara duwatsu, maza na gaba da masu da sanduna. Dabararsu ita ce su kwanta har maharan su matso, sai su tashi su cakuɗu da su, yadda mai bindiga ba zai iya harbi ba sai ya sami nasa. Da duwatsu suka riƙe tudun Muyira sama da wata guda. Sai ranar 13 ga Mayu aka kawo sojoji da mayaƙa cikin motocin safa na gwamnati daga larduna daban-daban, aka yi musu kisan da ba ya faɗuwa. Waɗanda suka rage suka ci gaba da ɓuya da rana, da dare su nemi juna su duba masu rauni. Shi kansa Birara bai kai ƙarshe ba. Sojojin Faransa sun iso wurin ranar 27 ga Yuni, suka ga mutanen, suka ce za su dawo, ba su dawo ba sai ranar 30. A kwana ukun nan an ƙara kashe da yawa. Wajen mutum 800 aka samu da rai.

Na kawo Bisesero ne don kada wani ya ɗauka ina cewa duk wanda ya riƙe ɗan'uwansa ya tsira. Ina! Akasari ba su tsira ba, kuma masu ceton da yawa sun bi waɗanda suka ɓoye. Felicite Niyitegeka Bahutuwa ce mai hidimar cocin Katolika a Gisenyi, bakin iyakar Zayar, wato Kwango ta yanzu. Tana tsallakar da mutane iyaka cikin dare. Ɗan'uwanta kanar ne a soja, ya aiko a ɗauke ta. Ta rubuta masa takarda ta gode, ta ce ta gwammace ta mutu tare da mutum 43 da ke hannunta da ta tsira ita kaɗai. Ranar 21 ga Afrilu aka kwashe su zuwa maƙabarta, ta shiga motar da ƙafarta, aka kashe su tare.

Wani abu kuma da nake so mu yi adalci a kai, don na san za a kawo shi a sharhi. Gaskiya ne Musulmin Ruwanda, 'yan tsiraru da aka daɗe ana mayarwa saniyar ware, sun yi suna wajen ɓoye mutane a unguwanninsu da masallatansu, kuma da yawa sun musulunta bayan yaƙin saboda haka. Gaskiya ne kuma an yanka dubbai a cikin coci-coci irin Ntarama da Nyamata, kuma a Nyange wani fada mai suna Athanase Seromba ya sa aka rushe cocinsa da katafila a kan mutum aƙalla 1,500, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 2008. Amma Hassan Ngeze, editan jaridar Kangura da ta shekara huɗu tana shuka ƙiyayyar nan, Musulmi ne, kotun Arusha ta same shi da laifi a 2003. Fada Celestin Hakizimana kuma ya kare mutum sama da 1,500 a cibiyar Saint Paul ta Kigali. Kowane ɓangare ya fitar da makasa, ya fitar da masu ceto. Har an sami mutum guda da ya ɓoye abokinsa a gida da dare, da safe ya fita shinge ya kashe baƙin fuska. Wannan na nuna mana iyakar abin: in tausayinka ya tsaya kan wanda ka sani kaɗai, to wanda ba ka sani ba ya shiga uku.

Bayan RPF ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli, sai wata gwagwarmayar ta fara, ta yadda za a rayu bayan an rasa kowa. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 1996 ya ƙiyasta an yi wa mata aƙalla 250,000 fyaɗe, da yawa aka bar su da cutar ƙanjamau. A Janairun 1995 zawarawa 50 suka haɗu suka kafa ƙungiyar AVEGA. Da zaman kuka tare aka fara, aka kai ga asibiti, gina gidaje, riƙon marayu da raka juna kotu ba da shaida. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na ɗalibai. A 1996 marayun da suka koma jami'ar Butare suka kafa ƙungiyar AERG, suka raba kansu gida-gida. Kowane gida ya zaɓi "uba" da "uwa" daga cikin ɗaliban, sa'o'in juna. Wanda ya yi rashin lafiya su ne masu jinya, wanda ya faɗi jarrabawa su ne masu faɗa, ranar aure su ne ke zama a kujerar iyaye. An ƙare musu dangi, suka ƙera wani da hannunsu. Kotunan gargajiya na Gacaca kuma, da aka rufe a 2012 bayan sauraron ƙararraki kusan miliyan biyu, suna da nasu kurakuran, amma a nan ne da yawa suka fara jin inda aka jefa gawar iyayensu har suka yi musu sutura.

Na ƙarshe. Daren 18 ga Maris 1997, shekara uku bayan kisan, ragowar mayaƙan da suka tsallako daga Zayar suka shiga wata makarantar sakandare a yankin Nyange, yankin da aka rushe cocin nan. Suka ce wa ɗalibai Hutu su koma gefe guda, Tutsi gefe guda. Yaran sun san juna sarai, sun san wane ne wane. Suka ƙi tashi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, aka jefa gurneti, shida suka mutu a daren, da dama suka jikkata. Amma maharan ba su sami jerin da suka zo nema ba. Yau yaran nan suna cikin gwarazan ƙasa da ake tunawa duk 1 ga Fabrairu.

Abin da na fahimta daga duk wannan, 'yan'uwa, shi ne babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya ƙulla alaƙarsa ranar da wuta ta tashi. Mahaifin Immaculee ya san faston tun da daɗewa. Wilkens ya shekara huɗu a ƙasar yana cuɗanya da mutanen gidansa. Yaran Nyange kwano ɗaya suke ci, aji ɗaya suke zama. Su ma masu shirya kisan sun san haka, shi ya sa suka ɓata shekaru suna gargaɗin Bahutu kada ya auri Batutsiya, kada ya yi kasuwanci da Batutsi, kada ya ji tausayinsa. Sai da suka tsinka zumuncin tukuna suka raba adduna.

Don haka duk wanda ka ji yana koya maka kiran wasu mutane da sunan ƙwari ko dabbobi, a rediyo ne ko a wannan dandali ko a guruf ɗin WhatsApp, ka san me yake tsinkawa. Ni dai tambayar da na bar wa kaina, na bar muku ita ce: a layinku, cikin waɗanda ba yarenku ɗaya ba, ba alƙiblarku ɗaya ba, mutum nawa ne za su ƙwanƙwasa ƙofarka ƙarfe biyun dare da yaƙinin za ka buɗe? Kai kuma ƙofar wa za ka nufa?

Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya kiyashe mu da ganin irin wannan rana. Wanda ya san wani labarin da ban kawo ba, ya ajiye mana a ƙasa mu ƙaru.